Bargon Jos da Babban Yatsana

Jikata ta shigo min da wani ɗan kwalin roba cike da ƙananan abubuwa masu launi, ja da kore da ruwan ɗorawa, kowanne da bakinsa kamar na jaririn kada. Na ɗauka alawa ce, har na miƙa hannu. Ta janye kwalin ta ce, "Haba Hajiya, na ɗinki ne fa. Idan an kalmasa bakin bargo, da su ake maƙale shi don kada ya zame kafin allura ta iso." A waya ta gani, wata Baturiya ce ke koya musu. Na gyara zama na zuba mata ido. Ta jera su ɗaya bayan ɗaya, ta ja da baya ta ɗauke su hoto, ta sake jera su don wai ja ya yi kusa da ja, ta gyara ɗankwali ta ɗauki kanta tare da su. Da aka zo kan ɗinkin, bai kai tsawon tafin hannu ba ta ce bayanta ya riƙe, ta kwanta. Bargon ma da za a lulluɓa wa kaza, ƙafafunta a waje za su kwana. Na ce mata, "Yarinya, abin nan da kika kwaso a kwali, a zamanina ni ce shi. Kuma ni ba sayo ni ake yi ba, kamo ni ake yi."

Duk wanda ya san Lafia ya san ba garin bargo ba ne. Zafinmu irin wanda ƙadangare ke tsayawa da ƙafa uku yana hutar da ta huɗu ne. Mutum ya yi wanka, kafin ya ɗaura zane yana bukatar wani. Amma a lokacin da nake faɗa babu wata jihar Nasarawa, a ƙarƙashin Filato muke, komai namu kuma yana Jos: aikin gwamnati, babbar makaranta, babban asibiti, har takardar da za ta tabbatar an haife ka. Mu da ba mu taɓa wuce Akwanga ba labarin sanyin Jos kawai muke ji, kuma kowane mai dawowa sai ya ƙara masa gishiri. Wai sai an fasa ruwan alwala da dutse. Wai wani ɗan unguwarmu ya yi hamma da sassafe, bakinsa bai rufu ba sai da hantsi. Saboda haka duk wanda zai hau dutsen nan da Jos take a kansa, ɗan makaranta ne ko sabon ma'aikaci, ba a sallamarsa sai da bargon ƙyalle, ana koke-koke kamar za shi yaƙi.

Mu yara ake aikawa layin teloli a kasuwa mu tsinto ƙyallayen da suka zubar. Har yau ina jin ƙarar kekunan nan na ƙafa, da almakashi yana cin yadi a kan tebur, da telan da ke korarmu da igiyar awo yana cewa jiya mun haɗa da hannun rigar mutane. Mata su wanke ƙyallayen, su bi su da dutsen guga na gawayi, su harhaɗa su a inuwa bayan an sauke abincin rana, a shimfiɗa tsofaffin zannuwa a ciki don ya yi kauri. Bargon nan karanta shi ake yi. Wannan ankon bikin wance ne, wancan rigar Sallar wane ce da tela ya ɓata, ga guntun kakin ɗan sanda da ba wanda ya san yadda aka yi ya shigo. Wanda ya rufa da shi a Jos unguwa guda ya rufa da ita, har da masu gulmarsa. Yanzu kuwa sai ka ga bargo a cikin jaka mai zif, da hoton damisa a jiki, yana warin fetur, ba uwa ba uba. Tun da Lafia ta zama babban birni aka daina hawan dutse. Unguwar Azuba da muke zuwa satar kashu ta cika da benaye, masu benayen kuma su kunna na'ura su ƙirƙiro sanyi da hannunsu, sannan su shige cikin damisar su ɓuya masa. Wai wannan shi ne ci gaba.

Haɗa ƙyalle kowace mace ta iya. Baki ne ba na kowa ba. Idan an gama bargo gefensa yana nan buɗe, zare na leƙe, zannuwan ciki na leƙe, sai an yanko ƙyalle dogo siriri an naɗe gefen da shi kewaye, an kalmasa, an bi da allura. A unguwarmu Kaka ce mai wannan aiki, mahaifiyar mahaifiyata, wadda ta riƙe ni tun ina rarrafe. To amma bakin bargo ba ya zama inda aka ajiye shi. Kauri gare shi, kana saki yana miƙewa kamar wanda aka yi wa ƙarya. Dole sai da mai riƙo: yarinya ta zauna daf da mai ɗinki, ta matse kalmasar tsakanin babban yatsa da manuni, gaban allura kaɗan, allura na matsowa tana matsawa. Ba ta sosa kai, ba ta korar ƙuda, ba ta waiwayen mai tallan gyaɗa. Idan allura ta same ta, Kaka ta dangwalo gishirin Keana ta danna a wurin ta ce, "Yi shiru, jininki bai fi yadin mutane daraja ba, kada ki ɗiga musu." Yaran yanzu da za a soke su sau ɗaya, sai an kira taron dangi.

Ba don iyawa aka zaɓe ni ba. Ina 'yar shekara goma sha wani abu a lokacin, kuma babu gidan da bai taɓa kawo ƙarata ba. Idan akuya ta yi ɓari a unguwar, ni ake tambaya. Ni na sa kwaɗon ruwa a butar mai unguwa, ni na ɗaura wa jakin mai itace gwangwani a wutsiya har ya kai kansa garin Kwandere ba tare da mai shi ba. Maƙwabciyarmu 'yar Tibi mai sayar da doya, wadda muke kira Mama Doya, idan ta hango ni sai ta fara ƙirga kajinta da ido. Kaka ta ga hanya ɗaya ce za a san inda hannuwana suke, a ba su bakin bargo su riƙe. Haka na zama mai riƙo, ina zaune ina tsine wa Jos da duk wanda ya gina ta a kan dutse.

A wurin riƙon nan na gano abin da ba wanda ya gano. Na lura allurar Kaka ta sake hali. Da can kai tsaye take shiga yadi. Yanzu sai ta fara taɓa farcen babban yatsana, ta ɗan zame gefe, sannan ta shiga. Ita kuma Kaka fuskarta na wajen bishiyar mangwaro, tana ba ni labarin rowar wata ƙawarta. Rannan sai na ce bari in gwada. Na janye yatsan daga baki na nufi tsakiyar bargo a hankali. Allura ta biyo ni kamar ɗan akuya, ɗinki ya bar hanya ya shiga daji. Na ɗago kai na zaro mata harshe har ya kusa taɓa hancinta. Ba ta ko ƙifta ba.

Na ce, "Kaka."

"Mene ne, ja'ira?"

"Ba kya gani."

Hannunta ya taso ya cafki kunnena, ko lalube bai yi ba. Ta murɗa har na ji ƙarar kasuwa ta ɗauke. Ta ce, "Sake faɗa, ban ji ba."

"Na ce kunne kam kina ganinsa."

Ta saki. Sannan ta ce, ƙasa-ƙasa, "Yanar ido ce ta rufe min su. Ina ganin haske, ina ganin inuwa. Ke ma ina ganinki, kamar tulu mai tafiya. In kika gaya wa wani, sai na ɗinke miki baki da basilla."

Ba sai ta faɗa min wanda take tsoro ba. Kawuna ne, ɗanta na fari, ma'aikacin gwamnati a Jos. Ba ta kiran sunansa, Mutumin Jos take ce masa. Ya sha faɗa a gaban kowa cewa ranar da idon Inna ya gaza, ranar zai kulle gidan nan ya tafi da ita, don ba zai bar tsohuwa ta faɗa rijiya a ce yana raye ba. Da kyakkyawar niyya yake faɗa, kuma irin wannan niyyar ta fi mugunta wuyar kaucewa. Kaka kuwa da a kai ta Jos gara a kai ta kurkuku, don a kurkuku aƙalla akwai abokan hira. Gidan Kawu a sama yake, hawa na biyu, ba tsakar gida, ba murhu, ba mai leƙowa ya ce a ba shi aron rariya. Wata ƙawarta an kai ta can da ƙafafunta, labarinta kawai ya dawo. Jikata da na ba ta wannan labari cewa ta yi, "Ai da an kai ta an yi mata aiki ta warke." Na ce ga hanyar maƙabarta nan, ta je ta yi mata bayani, ni dai ba zan raka ta ba.

Abin da ya sa baki ya zama babbar magana shi ne, duk bargon da ya bar unguwarmu sai ya bi ta gidan Kawu, don a can 'yan Lafia ke sauka. Shi kuma ya karɓa ya juya gefensa ya duba. Muddin ɗinkin yana tafiya sambal, sai ya ce idon Inna garau yake. Wato zaman Kaka a gidanta a kan babban yatsana yake tsaye. Da na fahimci haka ban ji tausayi ba, ciniki na ji. Na ce zan riƙe, zan yi shiru, zan dinga gaishe da baƙi da ƙarfi tun daga zaure ina kiran sunansu don ta san wanda ya shigo. Ita kuma ta san abin da za ta yi idan aka kawo ƙarata. Tun daga nan unguwa ta shiga uku. Mai unguwa ya zo yana huci, Kaka ta ɗaga fuska ta ce, "Wace yarinyar? Wannan? Tun safe tana gabana, da idona nake kallonta." Ya koma yana ba ta haƙuri. Ban taɓa samun shaida mai ƙarfi irin makauniyar nan ba.

Muna cikin wannan daula Kawu ya zo da matarsa a motarsa fijo, ba sanarwa. Bargon da ke hannunmu na babban ɗansu ne da zai shiga makarantar kwana, sun ce sun zo karɓa da kansu. Matar muna kiranta Anti. A cikin zafin Lafia ta fito daga mota da rigar sanyi, don kada wani ya yi kuskuren ɗauka 'yar nan ce. Gumi na bin wuyanta har cikin rigar, amma ta gwammace ta narke. Ta yi kwas ɗin girki da ɗinki a wani wuri, kuma ba ta yarda a yi numfashi biyu ba ta ambata ba. A gaban uwar mijinta take ce masa Dalin, irin kiran soyayyar Turawa, ko ƙasa ba ta kallo.

Da safe aka shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaro, aka baje bargo, na zauna a wurina na matse baki. Kawu ya jawo kujera ya zauna daf da mu da 'yar rediyonsa, abin da bai taɓa yi ba. Nan na san wani ya kai gulma Jos. Anti ta sunkuyo ta kalli hannuna kamar ta ga mushe.

"Mama, da wannan hannun ake riƙe bargon da ɗana zai rufa? Dubi farcenta, ai za a iya shuka masara a ciki."

Na ce, "An shuka, Anti, ba ta fito ba ne."

Kawu ya ce, "Ke!"

Anti ta buɗe jaka ta fito da wani ɗan gwangwani cike da fil masu kai. Ta ce, "Yanzu an daina wahalar da yara. A soke shi da fil kewaye, shi ke nan, mutum ɗaya ya isa. Haka aka koya mana. Ko ba haka ba, Dalin?"

Kawu bai kalle ta ba, uwarsa yake kallo. Ya ce, "Inna, a bar yarinyar ta huta. Ko akwai abin da zai hana?"

Da Kaka ta ce a'a, da ta tona wa kanta asiri. Na ji gwiwarta ta ɗan motsa a jikin tawa. Ta ce, "Fil? To a sa mana. Mu ma mu ga abin da aka koyo da kuɗin Mutumin Jos." Anti ta bi gefen bargon nan tana soke-soke har ya koma kamar bushiya. Ni aka bar min zura zare a allura, aikin da kowace tsohuwa ke ba jikarta, na koma wajen ƙafafun Kaka na zauna.

Sai ga tsohuwa ta fara. Ta lalubi kan fil da ɗan yatsa, ta auna zuwa na gaba, ta soka allura a tsakani. Fil ya soke ta, ta goge jinin a ƙasan gwiwa ta ci gaba, tana tambayar Kawu ko har yanzu a Jos ana sayar da tumatur kamar zinariya. Ɗinki ya miƙe sambal. Na ga Kawu ya fara sakin jiki, har ya murɗa rediyo yana neman tasha. Na ce a raina, Anti, ki tattara fil ɗinki ki yi tsire da su.

Ashe akwai wani aikin da hannuna ke yi wanda ba a taɓa lissafa shi ba, ni kaina ban san ina yi ba. Mai riƙo tana ɗage bakin bargo sama kaɗan daga cinyar mai ɗinki. Fil ba ya ɗage komai. Bargon ya kwanta lumui a kan gwiwar Kaka, allura kuwa ba ta tambayar inda bargo ya ƙare. Ta ci baki, ta ci bargo, ta ci zanen da ke jikinta. Ban lura ba sai da ɗinkin ya yi tsawon hannu. Na yi tari. Na ja mata ɗan yatsan ƙafa. Ta shure ni ta ce, "Zauna lafiya ko in sa a zaunar da ke." Anti na tsaye a kanmu tana fifita da mujalla, ba halin in yi raɗa. Ana haka Mama Doya ta shigo da doya biyu a ka don gaishe da Kawu, aka shiga gaisuwa, allura kuma ba ta tsaya ba.

Aka kira azahar. Kaka ta soke allura a ɗankwali ta ce bari ta yi alwala, ta dafa ƙasa ta miƙe. Bargo ya miƙe tare da ita. Ta yi taku ɗaya, ya biyo ta gaba ɗayansa, ya kwashe gwangwanin fil, ya kifar da kofin Kawu, ya ja tabarma. Kaji suka watse. Kaka ta tsaya cak a tsakiyar gida da jela mai launi ɗari, hannunta na lalube a cinya, har ya sami layin ɗinkin ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe.

Mama Doya ta ce, "Kaka, kai da bargo ya zama ɗaya?"

Anti ta ce, a hankali, irin muryar masu zuwa ta'aziyya da kwalliya, "Dalin, ka gani ko? Na faɗa maka."

Kawu ya kashe rediyo.

Sai na fashe da dariya. Na faɗi ƙasa ina birgima ina dukan tabarma, ina nuna Kaka, har da hawaye, kuma hawayen ba su ba ni wuya ba. Na ce, "Ni ce! Ta ƙasa na bi da allura ta biyu! Tun ɗazu nake jira ta tashi!" Ban dai rantse ba, don ko shaiɗancin nawa yana da iyaka.

Mama Doya ta sauke doya ta tafa hannu. "Shi ne! Wallahi shi ne, oga! Wannan yarinya shi ya ɗaure akuyana da na mai unguwa wutsiya da wutsiya. Shi ba ya jin magana, ko coci ko masallaci ba zai gyara shi ba!" Allah Ya saka wa matar nan. Shekaru na yi ina gina wannan suna, ranar ya biya ni.

Anti ba ta yarda ba. Ta durƙusa ta ɗaga gefen bargon. "Zare ɗaya ne fa. Layi ɗaya ne. Ina allura ta biyun? Dubi ɗinkin, wannan yarinyar ko maɓalli ta iya sawa?"

Kawu ya taso ya tsuguna a gaban uwarsa. Ya kama wurin ya daɗe yana kallo, yana bin sa da yatsa. Ɗinki ne ƙanana, a jere kamar ƙwayar riɗi, irin wanda ko za a ba ni Lafia da kewayenta ba zan iya ba. Ya ɗaga kai ya kalli fuskar Kaka, ita kuma tana kallon wani wuri kusa da kafaɗarsa. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Aikin yara ne. Inna ba ta taɓa irin wannan kwamacala ba. A samo min bulala."

Ko Kawu wawa ne, ko kuwa ya fi mu duka wayo, har ya bar duniya ban tambaye shi ba.

Kaka ta sami bakinta. Ta ce, "Ba mai taɓa ta sai ni. Zanena aka ɗinke ko na wani?" Aka warware ta daga bargon da reza, Mama Doya ta karyo reshen dalbejiya da murnarta ta danƙa mata, aka tsayar da ni a gabanta. Ta ɗaga bulala. Sai na ga ba ni ta saita ba, randar ruwa ta saita. Na kurma ihu tun kafin ta sauke, na yi tsalle na kai bayana wurin. Ta same ni. Ta sake ɗagawa, wannan karon ta nufi turmi, na sake tarewa. Haka muka yi ta zagaya tsakar gida, ina ihu don ta ji inda nake, ina kai jikina duk inda bulalar za ta sauka, mutane na cewa dubi ja'ira, ko gudu ta kasa. Ita kuwa tsohuwar nan ba ta san wasa ba. Da gaske take zubawa, tana lissafo laifuffukan da ta rufa min a baya, har da na mai unguwa. Ta ƙarshe ce na ga ta nufi wajen Anti. Na duƙa, kamar yadda kowane yaro zai duƙa. Ta sauka a ƙaurin Anti, tas! Kaka ta ce, "Wa ya ce ki tsaya a bayan mai laifi, 'yar nan?"

Bayan la'asar aka zare fil, Kawu da kansa ya ce a mayar da ni riƙo, wai horo ne. Muka rufe bakin bargon, bayana na zogi, Anti na ɗaki tana shafa man zafi.

Washegari da hantsi suka yi shirin tafiya. Ni na ɗauki bargon zuwa mota. Da Kawu ya buɗe but ɗin motar, sai na ga wata babbar akwatin ƙarfe, ya matsar da ita da hannu ɗaya, ba komai a ciki. A kanta ga sabon kwaɗo, ƙato, da makullansa ɗaure a jiki. Ya ga na gani. Ya ɗauki kwaɗon ya jujjuya shi, sannan ya ƙwala wa Mama Doya kira ya miƙa mata ya ce, "Ungo, ki dinga kulle akuyarki saboda yarinyar nan." Ya durƙusa ya yi wa uwarsa sallama a ƙofar gida, suka shiga mota. Kaka ta ɗaga hannu tana yi wa katangar maƙwabta Allah Ya kiyaye hanya, na jingina da ita na juyar da kafaɗarta wajen titi.

Da ƙarar motar ta ɓace ta ce, "Sun sha kwana?"

"Sun sha."

"Kwaɗon me na ji ana magana?"

"Na akuya ne."

"Babba ne?"

"Irin na ƙofar gida."

Rana ta fara dukanmu, mai tallan kunu ta wuce ta gaishe ta, ta amsa da sunanta daidai. Sannan muka juya muka nufi zaure. Ta ce, "Sake min hannu, ja'ira, kada mutane su ce makauniya ake ja." Na duba. Hannuna a buɗe yake, ita ce ta riƙe min wuyan hannu, kuma ba ta saki ba har muka kai inuwa.